Yadda Ake Juye Giyar Gida Daga Randa Zuwa Keg Ba Tare Da Iska Ta Taɓa Ta Ba

Giyar da aka dafa a gida, in dai an kiyaye tsafta, ba kasafai take lalacewa a kan wuta ko a cikin randar tsimi ba. Ranar juyewa ake yin asararta. Mutum ya yi sati biyu yana lallaɓa ta, sai ya ɗaga murfi, ya zura tiyo, ya bar ta tana zuba cikin keg, wato tulun ƙarfe mai rufewa gam da ake ajiye giya a ciki, tana fantsama, ya rufe yana murna. A satin farko ba zai ga komai ba. Kafin sati na uku launinta ya yi duhu, ƙamshin hof, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, ya gudu, a harshe kuma sai wani ɗanɗano na jiƙaƙƙen kwali. Aikin iskar oksijin ke nan, kuma in ta riga ta shiga babu abin da zai dawo da giyar yadda take.

Da farko, kafin a zuba yis, ana son oksijin, domin da ita yis yake hayayyafa. Da zarar tsimi ya kankama sai ta koma abokiyar gaba. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce, alhali manyan kamfanonin giya ƙoƙarinsu shi ne abin da zai narke a cikin kwalba kada ya wuce kashi 50 cikin biliyan. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce dukan aikin da ke gabanka.

Mu da ke Legas abin ya fi tsananta a kanmu. Zafi yana gaggauta lalacewar: duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurinta aƙalla sau biyu. Wanda ke Jamus zai ajiye keg a ɗakin ƙasa mai sanyin digiri 12 ya manta da shi. Kai kuwa da ke Agege ko Ojo, ɗakinka yana kai digiri 30 da rana, in aka ɗauke wuta kuma firiza ta huce. Ƙaramin kuskuren da zai ɗauki wata uku kafin ya bayyana a can, a nan sati biyu ya ishe shi.

Mutanenmu na Filato da Kudancin Kaduna da Zuru da suka tashi suna ganin ana dafa burkutu sukan yi mamakin wannan fitina, tunda a buɗaɗɗiyar ganga ake yin ta, da ƙwarya ake ɗiba. Bambancin shi ne burkutu da ranta ake shan ta, tana kan tashi, yis yana ta aiki yana tura iska waje, kuma cikin 'yan kwanaki an shanye. Giyar keg kuwa ta gama aiki ta kwanta, ba ta da mai kare ta, ga shi za ta yi wata ɗaya ko biyu ana ɗiba kaɗan-kaɗan. Wanda ba ya shan giya ma, amma yana zuba zoɓo ko lemun citta a keg don ya sa musu gas, wannan hanyar ce dai za ta yi masa. Sai dai ya sani duk abin da ke da sukari, in ya zauna a rufe cikin zafi, zai fara tsima da kansa ya zama abin da bai yi niyya ba. Dole ya zauna cikin sanyi.

Ka san keg ɗinka tukuna

Wanda masu dafawa a gida suka fi amfani da shi shi ne tulun bakin ƙarfe mai cin lita 19 da ake kira Cornelius. Asalinsa na kamfanonin lemo ne, shi ya sa ya kasu iri biyu: mai maƙalli na ƙwallaye, irin na Pepsi, da mai ƙusoshi, irin na Coca-Cola. Kayan ɗaya ba sa shiga ɗaya, don haka ka duba kafin ka biya kuɗi.

A samansa akwai murfi mai siffar ƙwai, da ɗan bawul mai zobe da ake ja a saki iska, sai hanci biyu. Hancin iska, wanda aka rubuta IN a gefensa, guntun bututu ne a ƙarƙashinsa. Hancin ruwa, mai OUT, bututunsa dogo ne har gindin keg. Wannan dogon bututun shi ne sirrin aikin: ta hancin da giya za ta fita ranar sha, ta nan za ta shiga yau, ta sauka can ƙasa a hankali, ta riƙa tasowa ba fantsama. Kowane hanci da hularsa, wato mahaɗin da ke bakin tiyo wanda ake dannawa a kansa. Ta iska ruwan toka ce, ta ruwa baƙa. A irin mai ƙwallaye sun yi kama sosai, kuma in ka danna baƙar hula a hancin iska da ƙarfi za ta shiga, amma cire ta sai ka yi gumi. Alamar hancin iska ita ce 'yan tsage-tsage a gindinsa. A irin mai ƙusoshi, na iska ƙusa 2 gare shi, na ruwa 3.

Zoben roba guda 5 ne a jikin keg: babba a murfi, biyu a kan hanci, biyu a wuyan bututu. In na hannu ka saya, ka canza su duka ba tare da ka tsaya dubawa ba. Tsohon zobe yana riƙe warin lemun da ya taɓa zama a ciki, kuma kusan duk yoyon da za ka yi fama da shi daga nan yake.

Sauran kayan: silindar CO2, wato gas ɗin da ke sa lemo kumfa, da regileta mai agogo biyu, tiyo na abinci kamar mita ɗaya da rabi, hula baƙa biyu, mai toka biyu, kilif na ɗaure tiyo, sikelin da ke ɗaukar kilo 30, da kwalbar feshi. Game da tiyo, araha ba ta ado. Na ban-ruwan fulawa da na injin janareta ba sa cikin lissafi. Na silikon yana da kyau wajen zafi, amma oksijin tana ratsa jikinsa cikin sauƙi, bai dace da giyar da ta nuna ba. Wanda ya fi shi ne mai ruɓi biyu irin EVABarrier, mai faɗin ciki milimita 4.

Maganar gas tana buƙatar natsuwa. Ka nemi CO2 na abinci wajen masu sayar da iskar masana'antu ko masu kai wa gidajen lemo da mashaya. Kada ka karɓi na walda, domin sau da yawa gauraye yake da agon, kuma kada ka kai silindarka wajen masu cika na'urar kashe gobara. In mai shago ya ce maka, "Maigida, ai duk gas ɗaya ne," ka ce masa, "Na ji, Alhaji, amma wannan ciki zai shiga, nuna min takardarsa." Sannan ka tafi da regiletarka a hannu. Wadda aka kawo daga Amurka zarenta CGA-320 ne, ta Turai kuwa W21.8, ba sa hawa bakin silinda ɗaya. Gara ka gwada a shagon maimakon ka ƙetare gadar Third Mainland sau biyu a kan mahaɗi guda.

Wanki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban

Ka kwance hanci biyun da sifana, ka zare bututu, ka jiƙa komai a ruwan ɗumi da garin wanki marar turare irin PBW, ka bi cikin dogon bututun da siririn buroshi, ka ɗauraye. Kada ka kusanto da bilic. Kulorin yana cin bakin ƙarfe ya bar masa ƙananan ramuka, ɗan abin da ya saura kuma yana ba giya warin asibiti.

Bayan wanki sai maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ba a ɗaurayewa. Star San ya fi shahara: mililita 30 a lita 19 na ruwa, minti 2 ya isa. In ruwan rijiyar burtsatsenku ya sa shi ya yi fari fat da zarar ka haɗa, ruwan yana da gishirin ƙasa da yawa, sai ka haɗa da tataccen ruwa. Kumfansa ba ya cutar da giya.

Fitar da iska daga keg: nan ne aikin yake

Keg da ka gani babu komai a ciki, cike yake da lita 19 na iska. Yadda za ka raba shi da ita shi ne zai yanke hukuncin giyarka, ba juyewar kanta ba.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa tunda CO2 ta fi iska nauyi, in ka ɗan busa ta a keg za ta kwanta a ƙasa ta lulluɓe giya. Gaskiya ne ta fi nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi. Amma iska biyu in sun haɗu gauraya suke yi, musamman wadda ta fito da ƙarfi daga tiyo. Da a ce kwanciya take yi ta zauna daram, da mu da ke bakin teku ba mu numfasa ba.

Hanya ta biyu da mutane suke bi ita ce a rufe keg, a danna masa gas, a ja zobe a saki, a maimaita. Wannan tana aiki, amma bari mu yi lissafi. In ka kai matsi psi 30 (psi ma'aunin matsi ne da agogon regileta yake nunawa), ka zuba gas ninki biyu a kan iskar da ke ciki, don haka in ka saki, oksijin ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Daga kashi 210,000 cikin miliyan, bayan zagaye 5 saura kusan 860. Sai ka yi zagaye 10 kafin ta sauko ƙasa da 4. Kowane zagaye yana cin kusan giram 70 na gas, goma ke nan giram 700. Mai silinda 'yar kilo 2 ya ƙone sulusinta bai ko fara juyewa ba. A ganina wannan ɓarna ce.

Abin da ya fi shi ne ka kori iskar da ruwa. Ka cika keg da ruwan Star San har ya tumbatsa yana zuba ta baki. Ka saka murfi a hakan, ruwa yana malala. Duk da haka za a sami 'yar iska maƙale a ƙarƙashin murfin, kuma ita ce mutane suke mantawa da ita. Ka ɗaga zoben bawul ka murɗa shi ya tsaya a buɗe, ka ci gaba da tura ruwan ta hancin ruwa, daga bokitin da ka ɗora a sama ko daga wani keg, kana ɗan karkata shi hagu da dama, har sai ruwa zalla ya fito ta bawul ba tare da tartsatsi ba. Sai ka rufe. Yanzu babu wurin da iska za ta ɓuya.

Ka sa regileta a psi 5, ka ɗora hular toka a hancin iska, baƙar hula mai tiyo a hancin ruwa, bakin tiyon cikin bokiti mai tsabta. Gas zai riƙa danna ruwan yana fita, duk inda ruwa ya bari CO2 ce zalla take maye gurbin. Da ka ji tiyon ya fara tari yana tofar da kumfa, ka karkata keg wajen da bututun yake don ragowar ta fita, ka cire baƙar hula. Gas ɗin da ka kashe bai fi giram 50 ba, ruwan maganin kuma yana nan a bokiti don wani aikin. Ɗan cokalin da ya rage a gindin keg ba abin damuwa ba ne.

Daga nan ka ɗaga matsi zuwa psi 15 don murfi ya zauna da kyau, ka cire gas, ka fesa ruwan Star San a kewayen murfi da gindin hanci da kan bawul, yadda mai faci yake neman huji a taya. Ka duƙa ka duba da kyau. Babban yoyo zai yi ta hura ƙwai-ƙwai. Ƙarami kuwa sai ka ga wani ɗan farin kumfa mai laushi yana taruwa a gefe guda na murfi, yana girma sannu a hankali. Wannan ƙaramin shi ne yake shanye silinda cikin dare. Na fi son a yi wannan aikin tun jajibiri, a bar keg ya kwana. Da safe in ka ja zobe ya yi tsaki da ƙarfi, ya riƙe.

Akwai wata dabara ga mai keg da ba a amfani da shi lokacin tsimi. Lita 19 na giya mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana fitar da kusan lita 400 na CO2 yayin da take tashi, duk tana tafiya a banza ta eyalok, ɗan abin nan mai ruwa a ciki da ake sawa a ramin murfin randa don gas ya fita iska ba ta shiga ba. Ka bar kwana na farko ya wuce, sannan ka ja tiyo daga murfin randa zuwa hancin ruwa na keg mai tsabta, wani tiyon daga hancin iska zuwa kwalbar ruwan magani. Gas ɗin yis zai yi kwanaki yana ratsa keg yana wanke shi, ba ka kashe ko kwabo ba. Ka cire shi kafin tashin ya mutu gaba ɗaya.

Ɓangaren randa

Kada ka juye giyar da ba ta gama ba. Tsayawar kumfa a eyalok ba shaida ba ce. Ka ɗiba ta famfo ka auna da haidromita, ma'aunin da ke nuna sukarin da ya rage a giya, in lambar ta tsaya wuri ɗaya kwana 3 a jere, misali 1.010 ko 1.012, ta nuna. Murfi kuwa ba a ɗaga shi don leƙe.

Yawancin masu dafawa sukan sanyaya randa zuwa digiri 2 ko 3 na kwana biyu don yis da burbushin hof su kwanta. Yana da amfani, amma akwai tarko. Gas ɗin da ke saman giya yana tsukewa in ya yi sanyi, kusan kashi 6 cikin 100 daga digiri 20 zuwa 3, giya mai sanyi kuma tana ƙara shanye shi. Sai randa ta zuƙo iskar waje ta eyalok, har da ruwan da ke cikinsa. A Legas abin ya fi haka muni, domin ba sau ɗaya ake yi ba. A kawo wuta randa ta zuƙa, a ɗauke ta huce ta fitar, a sake kawowa ta sake zuƙa. Numfashi take yi, kowane numfashi da oksijin.

In randarka mai ɗaukar matsi ce, ka cire eyalok ka ba ta psi 10 kafin ka kunna sanyi, shi ke nan. In bokitin roba ne, ka samo balan-balan mai ƙyalli irin ta bikin ranar haihuwa, ka maƙala ta a ramin murfi a ƙarshen tsimi ta cika da gas ɗin yis. Lokacin sanyi abin da ke cikinta randa za ta zuƙa. In kuwa wutar unguwarku ba abin dogaro ba ce kuma ba ka da sola, shawarata ka bar sanyayawar nan kwata-kwata. Ka ƙara wa giyar kwana 3 ko 4 ta kwanta da kanta, ka juye, ta yi sanyinta a cikin keg inda babu ƙofar shigar iska. Kofi biyu na farko za su fito da gurɓi, sauran garau.

Juyewa daga randa mai ɗaukar matsi

Wannan ita ce mafi sauƙi, ko randar bakin ƙarfe ce ko ta roba mai kauri irin FermZilla, wadda iyakarta psi 35.

Ka haɗa tiyo mai baƙar hula a kowane baki, ka ratsa shi da ruwan magani. Tiyon nan ma cike yake da iska. Ka ɗora baki ɗaya a hancin ruwa na keg, ka danna ɗan tsinken da ke cikin ɗaya hular da abu mai tsabta. Gas ɗin keg zai bi ta ciki ya fito da ƙara. Daƙiƙa 5 sun isa. Ka cire shi daga keg, ka ɗora a randa, ka sake danna tsinken a kan kofi har giya ta fito. Ta farko za ta zo da kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, yis ne da ya taru a bututu. Ka bar ta ta zuba har ta washe. Yanzu tiyon giya ce a cikinsa daga baki zuwa baki.

Ka daidaita matsin ɓangarorin biyu. In randa tana psi 10, keg ma ya zama 10. Ka ɗora keg a sikeli ka mayar da lambar sifiri. Silinda tana kan hancin iska na randa a psi 10. Ka fesa magani a hancin ruwa na keg, ka danna baƙar hula. Babu abin da zai motsa tukuna, kuma haka ake so.

Giya za ta tafi ne in matsin keg ya yi ƙasa da na randa. In kana da bawul mai daidaita matsi, wanda ake kira sifondin, ka ɗora shi a hancin iska na keg ka sassauta a hankali har agogonsa ya nuna 7 ko 8. In babu, ka riƙa jan zoben murfi kaɗan-kaɗan. Bambancin psi 2 zuwa 3 ya wadatar. Sauri ya haifi nawa: in ka saki matsin keg gaba ɗaya, gas ɗin da ya narke a giya zai ɓalle, keg ya cika da kumfa tun yana rabi, ƙamshin da kake tattali kuma ya bi bawul ya fita. Minti 15 zuwa 20 ba su yi yawa ba. Ka sa ido a tiyo. In giya tana tafiya sumul, lafiya. In ka ga fararen ƙwai suna gudu a ciki, ka ƙara matsin keg kaɗan.

Juyewa daga bokiti mai famfo

Yawancinmu da wannan muka fara, kuma ba sai ka sayi sabuwar randa ba. Amma bokiti ba ya ɗaukar matsi. Ko psi 2 na iya cilla murfinsa sama. Randar gilashi kuwa ko da wasa kada ka haɗa ta da silinda, fashewa take yi, kuma raunin ba ƙarami ba ne.

Nan nauyin giyar ne zai yi aikin. Tun daren jiya ka ɗora bokitin a kan tebur don lakar da ta motsa ta sake kwanciya. Keg yana ƙasa a kan sikeli, samansa ƙasa da famfon bokiti. Tiyo biyu za ka yi amfani da su. Na farko daga famfo zuwa hancin ruwa, na biyu daga hancin iska zuwa ramin da eyalok yake. Giya tana sauka ta ɗaya, gas ɗin da take turewa daga keg yana hawa ta ɗayan ya cike gurbin da ta bari a bokiti. Zagaye ne rufaffe, iskar waje ba ta da hanya.

Matsin da ka bari a keg jiya shi zai wanke maka tiyo. Ka fesa magani a cikin bakin famfo. Ka ja zobe ka rage matsin ya saura kaɗan. Ka ɗora baƙar hula, gas zai fara fita ta buɗaɗɗen bakin tiyo, ka toshe da babban yatsa, ka cire hular, ka cusa bakin a famfo nan take. Sannan ka ɗora hular toka, ka bar gas yana fita ta tiyo na biyu har ƙararsa ta kusa mutuwa, ka zare eyalok ka cusa tiyon a ramin yana kan hurawa. Sai bayan matsin keg ya mutu sarai za ka mayar da baƙar hula ka buɗe famfo. In ka buɗe da sauran matsi, gas zai bi tiyo ya haura cikin bokiti ta ƙasa, ya tayar da lakar da ka yi kwanaki kana jira ta kwanta.

Wannan hanyar ta fi jinkiri, tana iya cin rabin awa ko fiye. Ka ƙara tsayin tebur in kana son ta ɗan yi sauri.

Yaushe za ka tsaya

Ba ka ganin cikin keg, sikeli ne idonka. Lita ɗaya ta giya kilo ɗaya ce da ɗan ɗigo. Ka tsaya a kilo 18 ko 18 da rabi. Dole giya ta tsaya ƙasa da guntun bututun iska, in ba haka ba wata rana za ta bi tiyo ta koma cikin regileta ta lalata ta.

Mai juye giya mai sanyi yana da wata alamar kyauta, albarkacin laimar Legas. Jikin keg zai fara zufa daga ƙasa. Za ka ga layin raɓa a kewaye, ƙasansa jiƙe da sanyi, samansa busasshe, yana hawa a hankali daidai da giyar da ke ciki. In ka shafa da yatsa za ka ji inda sanyin ya tsaya. Da ya kai inda kafaɗar keg ta fara lanƙwasa, ka isa.

Ka tsaya tun kafin haka in ka ga gurɓi ya shigo tiyo ko randa ta kusa ƙarewa. Rabin litar ƙarshe ba ta kai darajar lita 18 da ke ciki ba. Baƙar hular da ke kan keg ita za ka fara cirewa, kafin famfo, kafin gas, kafin komai. Tana fita hancin ya kulle kansa.

Yanzu sai ka yi wancan danna-da-saki da na kushe a baya, domin a nan yana da araha. Sararin da ya rage a sama kusan lita ɗaya ne kawai. Ka ba shi psi 30, ka ja zobe, sau 4 ko 5. Ka sake fesa magani a murfi ka duba. Sannan firiza. A digiri 4, psi 12 na sati ɗaya zuwa biyu zai ba ka gas daidai irin na giyar kwalba. A zafin ɗaki na digiri 30, sai ka kai kusan psi 40 kafin ka sami wannan adadin, shi ya sa sanya gas ba tare da sanyi ba wahala ce kawai. In an ɗauke wuta kada ka yi ta buɗe firiza, kuma ka cike sararin da ya rage a cikinta da robobin ruwa, suna riƙe sanyi na sa'o'i.

Silinda ba abin wasa ba ce

CO2 a cikin silinda ruwa ce, kuma matsinta yana bin zafi: kusan bar 57 (bar ɗaya ya kai psi 14 da rabi) a digiri 20, sama da 70 a digiri 30. Daga digiri 31 zuwa sama ba ta zama ruwa kuma, matsin sai ya yi ta hawa da sauri. Kada ka bar ta a rana, kada ka kulle ta a but ɗin mota ka shiga cunkoson Oshodi da tsakar rana. A gida ta tsaya a tsaye, ɗaure da sarƙa ko igiya a bango. Agogon babban matsi ba ya gaya maka abin da ya rage, yana nan wuri ɗaya har sai ta kusa ƙarewa. Ka ɗora ta a sikeli ka cire nauyin da aka buga a wuyanta.

Kilo ɗaya na CO2 in ya fita yana zama sama da lita 500, ba shi da launi, ba shi da wari. A ɗaki ɗaya mai rufaffiyar taga, irin wanda da yawa suke haya a nan, yoyon dare ɗaya yana iya kashe mai barci. Kada silinda ta kwana a ɗakin da mutum yake kwana, kuma ka rufe kanta duk lokacin da ba ka aiki da ita. Firiza mai buɗewa ta sama tana tara gas a ciki, kada ka zura kai ka yi dogon numfashi. Wanda kuma yake tunanin sayarwa, wannan wani babi ne, sai da rajistar NAFDAC.

In giya ta tsaya a tsakiyar juyewa

Yakan faru, musamman in ka zuba hof da yawa a randa. Abin da zuciya za ta ce maka shi ne ka buɗe murfi ka duba. Kada ka buɗe. Ka fara da abu mai sauƙi: matsin ɓangarorin biyu ya daidaita ne? Ka ja zoben keg ka gani. A tsarin bokiti, ka duba ko tiyon gas ya lanƙwashe ko ruwa ya taru a cikinsa.

In ba haka ba ne, burbushin hof ne ya toshe hula ko hanci. Ka cire baƙar hula daga keg, ka rufe famfo ko ka cire ɗaya bakin daga randa, ka kwance hular ta sama da sukuddireba, ka wanke tsinken da ɗan murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura shi a ruwan magani, ka mayar. Kafin ka sake haɗawa ka zubar da giya kaɗan ta cikinsa don iskar da ta shiga ta fita. In toshewar a bututun randa mai matsi take, ka ɗaga matsin keg ya fi na randa da psi 5, ka haɗa na daƙiƙa ɗaya, matsin zai tura burbushin baya. Sai ka ba laka minti 20 ta kwanta kafin ka ci gaba. Zuwa dafawa ta gaba ka sa hof a jakar raga, ko ka sayi bututu mai yawo a saman giya wanda yake ɗiba daga sama, da 'yar matata a tsakiyar tiyo, ita ma a cika ta da ruwan magani a kore shi da gas kafin a haɗa.